Takardar Tambayoyin da Ta Kusa Fitar da Kaka Daga Maiduguri

Akwai abubuwa da yawa na shekarun tashin hankalin nan da na roƙi Allah ya mantar da ni, kuma ya amsa mini a kan wasunsu. Wannan da zan ba ku labari kuwa ban taɓa roƙon mantawa da shi ba, na kuma san ko na roƙa ba zai bar ni ba har in koma ga Mahaliccina. Labari ne na yadda aikin 'yan kwanaki da na yi da biro da takarda ya kusa sa a ɗauke kakata daga Maiduguri, alhali ba ta da sauran buri a duniya da ya wuce a bar ta ta cika a cikinta.

Mu asalinmu makiyaya ne. Baba shi ya fara ajiye sanda ya shigo birni, ya zama dillalin shanu, ya gina gida a Bulumkutu, a nan aka haife mu. Iyayensa kuwa sun ƙi birni ƙememe, suna can wani ƙauye bayan Khaddamari da 'yan shanunsu, har sai da yaran daji masu tada ƙayar baya suka matso aka je aka ɗauko su a bayan a-kori-kura. Kakana bai cika shekara a gidanmu ba ya rasu, aka binne shi a maƙabartar da ke kusa da mu. Tun daga ranar Kaka ta daina maganar komawa ƙauye. Magana ɗaya ta rage mata, kuma takan faɗe ta kamar yadda wani zai ce a ajiye masa tuwo: idan lokacinta ya yi, a sa ta kusa da shi.

Ni ce 'yar ɗakinta. Ni nake dama mata kunu, ni nake matsa mata ƙafa, ni kuma take yi wa tsiya daga safe har yamma. Malama mai biro take ce mini, wai na gama karatu kaf amma ban san gaban saniya da bayanta ba. Ni kuma in ce mata aƙalla ni ba na gaida talabijin idan an yi sallama a ciki. Haka muke, kuma duk gidan an san in kana neman ɗayanmu ka leƙa inda ɗayar take.

A lokacin na gama makaranta ina zaune, zaman da ya ishe ni. Zaɓen shugaban ƙasa saura watanni, ko kamfe bai kankama ba. Sai wata ƙawata ta ce mini wani kamfani daga Abuja yana neman 'yan mata da samari masu jin Hausa da Kanuri, su shiga gida-gida su yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wato a tambayi mutane wanda za su zaɓa tun kafin ranar ta zo. Na san halin Baba sarai. Siyasa a wurinsa kamar wuta ce, a ji ɗuminta daga nesa. Don haka sai na ce masa aikin zagaya gidaje ne na wata ƙungiya. Ya ce na rabon gidan sauro ne? Na yi shiru na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin e. Ban yi ƙarya da bakina ba, amma ko a lokacin na san wayon banza ne.

Kwana ɗaya aka yi ana koya mana aikin. Mutumin da ya zo daga Abuja mai kirki ne, ya kuma san aikinsa, amma bai san Maiduguri ba. Ya ce kada mu zauna, kada mu karɓi ruwa ko abinci, kada mu tsaya hira. Mu karanta tambaya yadda take a rubuce, mu sa alama a akwati, mu wuce gida na gaba. Akwatunan kuwa 'yan kaɗan ne: mai ci a lokacin, babban abokin hamayyarsa, sauran 'yan takara, sai na ƙarshe, wanda bai yanke shawara ba. Duk cikinmu ba wanda ya ɗaga hannu ya ce masa a garin nan gaisuwa kaɗai tana cin lokacin da ya ba mu na gida guda. Muna son aikin, muka ce to.

Bulabulin aka ba ni. Unguwa ce da dama can a cike take, a shekarun nan kuma ta ƙara cika ta batse, don kusan kowane gida ya sauki 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauyuka. Mutum biyu ba su fita raina ba cikin waɗanda na tambaya. Na farko wani dattijo ne Babarbare mai wankin hula, yana zaune a rumfarsa, huluna jere a kan gungumen itace suna shan rana. Na yi sallama a tsaye, na karanto masa tambayata. Ya dubi takardar fiye da yadda ya dube ni, sannan ya ce, “Allah ya zaɓa mana mafi alheri.” Na sake tambaya, ya sake ba ni amsar nan ba ƙari ba ragi. Na duba akwatunana, ban ga na Allah ya zaɓa ba, sai na sa shi a cikin waɗanda ba su yanke shawara ba. Kafin in gama aikin, akwatin nan ya sha alama har na fara jin tausayinsa.

Ta biyun wata mata ce da ta gudo da 'ya'yanta, suna zaune a wani kango da aka rufa wa buhuna. Ita kam da murna ta tarbe ni. Ta kira sauran matan gidan da yarensu, suka taru, kowace na tambaya sai ta ambaci mai ci, da sauri, har suna rige-rige. Na ce musu wannan ba rajistar tallafi ba ce, suka ce sun sani, sun sani. Na ji daɗin yadda aikin ya yi sauri a gidan, na sa alamomina na fita. Samarin da ke bakin titi kuwa ba sa ko jira in gama tambaya, abokin hamayya suke kira. Da na tattara takarduna sai na ga abin ya rabu kashi-kashi, ba wanda ya yi fintinkau. Ƙawayena ma haka suka samu a unguwanninsu. Muka miƙa, aka sallame mu, na koma dama kunu.

Bayan 'yan makonni, wata safiya muna shan shayi a tsakar gida, Baba ya kunna rediyonsa. Shi da rediyon nan sai Allah. In malamin unguwa ya faɗi magana yakan yi gardama, in likita ya faɗa yakan ce a bari a gani, amma in rediyo ta faɗa an gama. Sai ga mai labarai yana cewa wani bincike da aka yi gida-gida ya nuna Borno na iya zama jihar da za a yi kare jini biri jini a zaɓe mai zuwa, domin manyan 'yan takara biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ga kuma jama'a da dama ba su tsayar da ra'ayi ba. Ya faɗi sunan kamfanin. Sunan da ke saman takarduna ne. Har ga Allah abin da na fara ji alfahari ne, na ce yau ga aikina a rediyo. Aka kawo wani masani ya yi ta sharhi, wai duk wanda ke son kujerar nan dole ya tare a Borno.

Baba ya ajiye kofinsa bai ƙarasa shayin ba. Ya ce, “Kun ji ko? Inda ƙarfi ya zo ɗaya, nan ake fasa kai.”

Ba tsoron banza ba ne. Ya ga zaɓuɓɓukan baya a garin nan, ya ga abin da 'yan bangar siyasa suke yi idan kowane ɓangare ya sa rai. Lissafinsa shi ne, in gari ya karkata gefe ɗaya, wanda ya faɗi ya san ya faɗi. In kuwa aka yi kunnen doki, kowa zai ce an yi masa maguɗi, sojoji su koma rabon faɗan cikin gari, na daji su sami ƙofa a buɗe. Kafin azahar ya yanke hukunci. Mata da yara duka za su tafi Kano gidan ƙaninsa, tun hanya tana biyuwa, su zauna har a yi zaɓe a rantsar. Ya ce Kano kowa ya san inda ta fuskanta. Da Kaka za a tafi.

Kaka ba ta yi masa musu ba. Irin matan nan ne da ba sa ja da ɗansu a gaban iyalinsa. Ta ce, “To,” ta shiga ɗaki ta ƙulle 'yan kayanta a zane, ta ajiye ƙullin a bakin ƙofa tun saura mako biyu tafiya. Amma daga ranar ta daina yi mini tsiya. In na kawo kunu ta kurɓa sau biyu ta ture. Tsohuwar da ko zuwa bayi sai an riƙe ta, ita za a sa a mota wuni guda a hanyar Damaturu, da shingayen bincike da saukowa da hawa. Rana ta uku ina matsa mata ƙafa ta ce mini, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, “Can in na mutu, kusa da wa za su sa ni?”

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, domin a lokacin ne abin ya haɗu a kaina. Na tuna idon mai wankin hula a kan takardata. Na tuna rige-rigen matan kango. Ban san gaskiyar abin da ke ransu ba, amma na san abin da na rubuta ba shi ba ne. Kuma ba wanda zai iya gaya wa Baba haka sai ni, wadda ya yi zaton gidan sauro take rabawa. Kwana biyu ina juya maganar. Ina tsoron fushinsa, na fi tsoron ya daina yarda da ni. Amma duk sanda na wuce ƙofar Kaka sai in ga ƙullin nan.

Da la'asar na sami Baba a zaure, na durƙusa na faɗa masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana jan carbi, har na gwammace ya yi faɗa.

“Wato maganar da rediyo ta faɗa, ke kika faɗa mata?”

Na ce ni da wasu ne, Baba.

“Da kika shiga gidajen, kin zauna?”

Na ce an hana mu zama.

“Kin sha ruwansu?”

Na ce shi ma an hana.

Ya girgiza kai. “Binti,” ya ce, haka yake kirana idan abin ya taɓa shi, wato 'yata, “maganar ƙaryar gidan sauro tana nan, za mu yi ta. Gobe ki kai ni wurin mutanen nan. Kada ki ɗauko ko tsinken biro.”

Washegari da hantsi muka hau keke napep zuwa Bulabulin, ya sayi goro a hanya. Mai wankin hula yana nan inda na bar shi. Baba ya cire takalmi ya zauna a tabarmarsa, suka shiga gaisuwa da Kanuri, wushe wushe, ya gida, ya iyali, ya haƙuri da zamani, ana amsawa kalewa, lafiya ke nan. Aka kawo ruwa muka sha. Aka fasa goro. Suka yi maganar tsadar shanu, da kasuwannin da suka mutu, da hanyoyin da ba sa biyuwa. Ina zaune a gefe ina ƙaiƙayin Baba ya yi tambayar, shi kuwa ko kusa da ita bai je ba. Cewa kawai ya yi zai kai tsohuwarsa Kano, don ya ji an ce garin ya rabu biyu.

Dattijon ya dakata da goga hular da ke hannunsa. Ya ce, “Wa ya raba shi?” Ya ɗaga wani gungumen hula, sai ga katin zaɓensa a ƙarƙashi, a naɗe cikin leda. “Alhaji, ni shekara nawa ban taka gonata ba. Mutum irina har sai ya yi shawara?” Sannan ya jawo Baba ya raɗa masa suna a kunne, kamar yadda dillalai suke yi a kara, kasuwar shanu, idan ciniki ya faɗa. Ya nuna layin da haɓarsa, daga wannan bakin zuwa wancan, ya ce duk baki ɗaya ne.

Baba ya nuna ni ya ce, “To ga 'yata, ta zo ta tambaye ka, ka ce Allah ya zaɓa.”

Ya dube ni da kyau, sai ya yi dariya har hularsa ta karkace. “Kai ne mai takarda?” Haka Hausarsa take, mace da namiji duk kai ne. “Ai ka zo a tsaye ka tafi a tsaye. A garin nan, a wannan lokaci, wanda bai sha ruwanka ba ka san wanda ya aiko shi? Kuma ban yi maka ƙarya ba. Allah ne zai zaɓa, ni dai zan taya da yatsa.”

Na yi dariya tare da su, ina jin kunya amma mai sauƙi. Ta gidan gaba ce ba ta da sauƙi. Muna shiga kangon matar nan ta gane ni. Ta taso da gudu ta riƙe hannuna, ta juya tana gaya wa sauran, “Ban ce muku za ta dawo ba?” Ta shimfiɗa mana buhu, ta leƙa bayanmu tana duba ƙofa. Sannan ta ce, “Abincin ya iso? Mun amsa miki daidai, ko ɗaya ba ta yi kuskure ba.”

Ashe tun ranar suke jira. A wurinsu duk mai shigowa da takarda da biro mai rubuta sunan tallafi ne, kuma masu rubutawar duk cewa suke yi ba su ba ne don kada a yi musu yawa. Abinci daga gwamnati yake fitowa, to wa zai kira sunan wani a gaban 'yar aiken gwamnati? Ita ce ma ta gargaɗi sauran da yarensu, ina tsaye ina murmushi. Baba ya yi mata bayani a hankali, ya ba ta haƙuri a madadina. Ta saki hannuna, sannan ta ce ba komai, Allah yana nan. Da Baba ya tambaye ta zaɓe, sai ta ce ita ko kati ba ta da shi, ya ƙone da ɗakinta. Yawancin matan da na sa wa alama haka suke.

A keke napep na kasa riƙe hawaye. Baba bai rarrashe ni ba, bai kuma ƙara mini ba. Can sai ya ce, kamar da kansa yake, “Ni da ba na sayen saniya sai na buɗe bakinta, na sayi magana a cikin buhu.” A ranar ya aika wa matan kangon da gero da mai, ya ce wa mai kaiwa kada ya kuskura ya tambayi sunan kowa.

Yanzu da na girma na san gida ɗaya da rumfar hula ba bincike ba ne, kuma dattijon nan yana iya yin kuskure a kan layinsu. Garin ma ba wai ya zama lafiya ba ne, ana ta jin ƙarar abubuwa a lokacin. Baba ya san da haka. Ya ƙara kwana biyu yana zama da mutane a kara da masallaci, yana sauraro irin nasa. Abin da ya gane shi ne dalilin da zai sa ya ɗaga mahaifiyarsa ba shi da ƙafa, sauran kuma ya bar wa Allah, kamar kowa a garin.

Ina ɗakin Kaka ya shigo. Ya durƙusa gabanta ya ce, “Yumma, kwance ƙullinki. Ba inda za ki.”

Ta dube shi ta ce, “Rediyon ne ya sake magana?”

Ya ce, “A'a. Mai rediyon ce ta zo da kanta ta janye,” ya nuna ni.

Sai da aka yi mata bayani sau biyu ta gane. Ta kama kunnena ta murɗa, da ɗan ƙarfin da ban san tana da shi ba. “Malama mai biro. Ashe ke ce za ki kai ni Kano. Shanu ba ki san su ba, mutane ma ba ki san su ba, to me aka koya miki?” Sannan ta ce in tashi in dama mata kunu, mai kauri, ba irin ruwan da nake kawo mata kwanan nan ba. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Hukuncin gidan sauro kuwa na sha shi, wata guda ban taka ƙofar gida ba, kuma ban ga laifin Baba ba.

Zaɓe ya zo. Mutane suka fito tun da sassafe suka yi dogayen layuka a rana, da tsoronsu da komai. Da aka faɗi sakamako babu wata fafatawa, gefe ɗaya ne ya kwashe kusan duka, gefen da aka raɗa wa Baba a kunne. Ban ji masanin nan ya dawo rediyo ya ce ya yi kuskure ba, kuma ban riƙe shi ba, abin da muka ba shi ya karanta.

Kaka ta rasu bayan damina ta wannan shekarar, wata safiya, a ɗakinta, kanta a kan cinyata. Da an yi tafiyar, da ban sani ba ko za ta ga dawowa. Da maza suka dawo daga maƙabarta, Baba ya ratsa cikin mata masu zaman makoki ya zo har inda nake, abin da ba ya yi. Ya ce, “Binti, an sami wuri. Kabari ɗaya ne a tsakaninsu.”

Har yau in zaɓe ya gabato nakan ji ana cewa bincike ya nuna jiha kaza ta rabu, jiha kaza ce za ta raba gardama. Ba na cewa ƙarya ne, na san masu yi suna wahala. Amma nakan tambayi wa aka tambaya, da tsoro ya amsa ko da yunwa, kuma mai tambayar ya zauna ko a tsaye ya tafi. Abin da na koya shi ne amsar mai tsoro da amsar mai jin yunwa ba ra'ayi ba ne, neman tsira ne, kuma wanda ya rubuta ta yadda ya ji ta bai gama aikinsa ba. Alamar da na sa cikin gaggawa a ƙofar mutanen da ban sani ba ta je Abuja, ta shiga rediyo, ta dawo har ɗakin kakata. Tun daga nan ban ƙara rubuta maganar mutum ba sai na zauna na san shi.